Da Wa Kika Ci Fatur Yau?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Safiya, wadda nake kira Uwata tun ranar da aka raɗa mata sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Damazin lafiya, ya sa direban nan mai tuƙi da hannu ɗaya bai watsar da ku a hanyar Singa ba. Allah ya tsare ki daga ciwon da kika tafi yaƙa, ya sa albarka a hannunki ga duk wanda za ki taɓa. Amin.

Wannan takarda na cusa ta ƙarƙashin gyaɗar da innarki ta soya miki, don na san komai kina iya mantawa a jaka, ban da gyaɗa. Da gangan na rubuta ta da Hausa. Na san za ki yi tsaki, ki ce ai Baba ya san Larabci ya fi miki sauƙin karatu. To, shi ya sa. Larabci haɗiye shi kike yi kamar ruwa, Hausa kuwa sai kin tauna, ni kuma so nake ki tauna. Ban da haka, na shekara ashirin da wani abu ina rubuta wa hukuma rahoto da Larabci, hannuna ya saba da ƙarya mai ladabi a cikinsa. Da Hausa ban ƙware a ƙarya ba, innarki shaida ce.

Shekaranjiya ina kwance a rumfa na rufe fuska da littafi, kuna tsammanin barci nake. Na ji kina gaya wa innarki cewa a takardar da asibiti ya aiko miki an ce duk ranar Alhamis ma'aikatan ɗakin da ake keɓe masu gudawa za su zauna da wata likita da ke zuwa daga Madani, ba don ta duba jikinsu ba, don ta ji abin da ke ransu. Kika yi dariya. Kika ce, "Ni mahaukaciya ce da zan zauna ina zayyana wa baƙuwa zuciyata? Babana ya yi shekarar sanƙarau a shafakhana, wa ya zauna da shi?" Na ji innarki ta ajiye ludayi da ƙarfi. Ni kuwa littafin da ke fuskata sai ya yi mini nauyi.

Kin kafa hujja da ni, Uwata, alhali ba ki san shekarar nan ba sai yadda muka gyara miki ita. Bari in ba ki ita yadda take.

Kina da shekara shida lokacin. Ni ne mataimakin likita a shafakhanarmu, ɗakin shan maganin nan mai ɗaki biyu a bakin magudanar ruwan gonaki, wato tur'a, wanda yanzu aka mai da shi wurin ajiyar taki. Mutane na kira na Hakim, wato likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Mu uku ne: ni, da Bashir mai jinya, da Hajja Batul ungozoma. Sanƙarau ya shigo da zafin da ke bin cirar auduga. Cikin kwana kaɗan ɗakunan suka cika, muka kafa rumfar tabarmi a baya muka shimfiɗa mutane a jere. Hukuma ta aiko mana wani saurayin likita, Dakta Salah, yaron kirki, amma ko "sannu" bai iya ba. Rabin masu ciwon kuwa namu ne, na hillarmu, wato ƙauyenmu, da na kambo, sansanin 'yan cirani da ke bakin gonaki. Kin dai san mutanenmu, kowa na ciniki da Larabci a kasuwar Hajj Abdalla. Amma ranar da wuyan ɗanka ya sandare, Larabcin guduwa yake yi, Hausarka kaɗai ke rage maka.

Na farkon da ya rasu a hannunmu wani mai cirar auduga ne. Matarsa na zaune a bakin rumfa da ƙwaryar kunu a cinya, tana jira ya farka. Dakta Salah ya miƙe daga kansa, ya dube ni ya ce, "Ya Usman, kallimhum inta." Wato ni in je in gaya musu. Na gyara farar rigata, na fita, na tsuguna a gabanta, na faɗa mata yadda ake faɗa. Da na dawo ya dafa kafaɗata ya ce ba don ni ba da bai san yadda zai yi ba. Kin san ubanki da yabo. Har cikin raina na ji daɗi.

Daga ranar na zama bakin shafakhana. Duk wanda ya cika, ni ke fita. In danginsa ba sa kusa, ni ke takawa har gidan. Ba wanda ya sa ni da takarda, ba wanda ya tambaye ni ko zan iya, ni ma ban tambayi kaina ba.

Kin san Goggo Hajara, ƙanwar kakanki, wadda ke ba ki dabino a ɓoye. Ɗiyarta Ladi ta kwana shida a rumfar ba ta san inda take ba. A safiya ta bakwai ta buɗe ido, ta juya wuyanta da kanta, ta ce kunu take so. Ban aiki kowa ba. Na ce yau dai ni ma in kai labari mai daɗi. Har da ɗan gudu na haɗa, ni da ko jaki bai taɓa sa ni gudu ba. Na tarar da Goggo tana shafa kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a kasko. Ta ɗaga kai ta gan ni a ƙofa da farar riga, ban ko yi sallama ba ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ihu. Matan maƙwabta suka kwararo suna kuka. Ina cewa, "Goggo, ta farka! Kunu take nema!" ba mai ji na. Kisra ta ƙone a kasko. Da ƙyar maganata ta shiga kunnenta. Ta zauna a ƙasa tana haki, ta dube ni ta ce, "Usmanu, don Allah, gobe in alheri ne ka aiko wani. Ƙafarka tsoro take ba mu."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Gaskiya ce, ni ne kawai ban lura ba. Bayan nan na fara gani. In na fito, masu hira a gindin bango sai su yi shiru su bi ni da ido, su ga wane lungu zan shiga. Sai na daina shiga gidan kowa. A masallaci ma sahun baya nake tsayawa, ana sallamewa in zare jiki.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Damazin da Roseires cike suke da mutanenmu. Kafin ki yi mako za a gane kina jin Hausa, kuma za a ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da mai kaya ke ji in ya ga jaki ba kowa a kansa. Kada ki ƙi yin tafinta. Mai barin duniya yana da hakkin ya ji harshen uwarsa. Amma tun makon farko, kafin abin ya zama al'ada, ki je wurin shugabar ɗakinku ki ce: in za a faɗi rasuwa, likita ya tsaya tare da ni, maganar tasa ce, ni ɗauka kawai nake yi. Ki ce kuma: in ni ke faɗin wanda ya tafi, to ni zan riƙa kiran dangin wanda ya warke. Ki nemi a rubuta, kada ki yarda da "ba komai, za mu duba". Kada ki bari fuskarki ta zama ta labari iri ɗaya.

Yanzu sai maganar fatur, kuma nan ne alƙalamina ke ta tsayawa.

Kin san ƙasar nan da abincin hantsi. Ƙarfe goma in ta yi, ko gobara ake kashewa sai an ajiye bokiti an ci ful, dafaffen waken nan, tukuna. Mu ma haka muke a shafakhana. Bashir ke sayo ful, ya farfasa shi da gindin kwalba, ya zuba man riɗi da albasa. Hajja Batul ta kawo kisra a ƙunshe. Mu zauna a gindin dalbejiya, kwano ɗaya. Bashir mutumin Dinder ne, dogo, Balarabe, ya koyi Hausa a karkace ya kuma ƙi gyara ta. Yana kira na "Hakim mai kai babba". Yana kwaikwayon tafiyar kowa, har tawa, wai ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙamus a ka. Shi ne kuma mai riƙe masu ciwo in suna fizge-fizge, shi ke goge su, shi ke rufe musu ido. Aikin da ya fi kusa da jiki duk nasa ne.

A mako na uku na tara su na ce daga yau ba zaman fatur. Kowa ya ci a tsaye in ya sami sarari. Ina da dalilai, kin san ba na rasa dalili: lokaci bai isa ba, cunkoso ba kyau, kuma abin kunya ne mutane na mutuwa a bayan tabarma mu muna dariya a gindin itace.

Bashir ya ce, "Ya Hakim, minti goma ne fa."

Na ce, "Je ka gaya wa wanda wuyansa ya sandare cewa minti goma ne."

Na ji daɗin wannan jimla har na so a ce wani ya rubuta ta. Hajja Batul ta naɗe ƙunshin kisrarta, ta ce, "Usman, ka karanta littattafai har gara ta san ka, amma ba ka iya karanta fuskar mutum ba."

Abin da ban sani ba shi ne, a cikin minti goman nan Bashir ke sauke kayansa. Tsakanin loma da loma zai ce, "Mutumin jiya ya yi kama da wana." Hajja ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta tura masa albasa. Shi ke nan. Maganin ke nan gaba ɗaya, ba allura ba ƙwaya, kuma ni na kulle shi na jefar da mabuɗin. Bashir ya daina kwaikwayo. Ya daina kira na mai kai babba, ya koma "na'am, Hakim". Yana wanke hannu har fatar ta tsage. Na gani, Uwata. Kada ki ce ban gani ba. Abin da na ce masa shi ne, "Ka zama namiji mana."

Wata rana da ƙarfe goma daidai ya tuɓe farar rigarsa, ya ninke ta tsaf a kan kujera, ya ɗora mabuɗin kabad ɗin magani a kai, ya hau gefen tur'a ya miƙe. Muka ɗauka uzuri ya je. Bai dawo ba. Daga baya muka ji yana Dinder wurin wansa, yana bin shanu.

Ni na rubuta rahotonsa. Na rubuta cewa ya bar aiki ba izini a tsakiyar annoba. Layi ɗaya, da kyakkyawan Larabci, ba kuskuren nahawu ko ɗaya. Layin nan ya rufe masa ƙofar aikin jinya har abada. Ina iya rubuta cewa ba shi da lafiya, kuma da gaskiya na rubuta. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban san sunan ciwon ba ne. Amma da Hausa nake rubuta miki, sai in faɗa: haushinsa na ji, don ya yi abin da ƙafafuna ke roƙo na in yi kowace safiya.

Ki ci abinci da mutane, ɗiyata. Na san ciwon da kuke fama da shi ta baki yake shiga, ban ce ku haɗa hannu a kwano ɗaya ba. Kowa ya wanke hannu yadda aka koya muku, kowa da kwanonsa, ku bar tazara. Amma ku zauna. In wani babba mai kai irin nawa ya ce ba lokaci, ki ba shi labarin Bashir. Kuma ki sa ido a kan wanda ya fi kowa ban dariya a ɗakinku. Ranar da ya fara yi miki ladabi, ki ja kujera kusa da shi.

A makon da Bashir ya tafi, mufattishin lafiya, jami'in da ke duba aikinmu, ya zo daga Hajj Abdalla a motar hukuma. Na so a ce mugu ne, da labarin ya fi mini daɗin bayarwa. Dattijo ne mai hankali. Ya zauna ya buɗe takardarsa, ya ce me muke buƙata. Na jero masa: allura, ruwan ƙari, kananzir na firji, tabarmi, har sabulu ban manta ba. A ƙasan takardar akwai wani layi da aka rubuta "halin ma'aikata". Da ya zo nan sai ya ajiye alƙalami, ya dube mu ya ce, "Ku kuma fa? Kuna samun barci?"

Dakta Salah ya dube ni, idanunsa jawur. Hajja Batul ta dube ni. Ni ne babba a wurin, ni ake jira.

Na ce, "Tamam, komai lafiya lau. Alhamdu lillah."

Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi ku mutanen nan akwai juriya." Ya rubuta kalma ɗaya, ya rufe takarda.

Sai bayan shekaru ya gaya mini cewa a ranar yana da ma'aikata biyu a hannu da zai iya turawa su karɓi wasu na mako guda. Ya tura su wata hilla can gaba, inda hakim ɗin wurin ya fashe da kuka a gabansa. Na san mutumin. Na shekara ina yi masa dariya a zuci, ina kiransa mai hawaye. Har yau yana aiki, ya yi tumbi, ma'aikatansa ba wanda ya hau gefen tur'a.

Asibiti ba shi da ido, Uwata, takarda yake da ita. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsa bai faru ba. In an tambaye ki halinki, ki amsa kamar yadda kike so mai ciwo ya amsa miki: ina ne, tun yaushe, yana hana barci ko ba ya hanawa. Ranar hutunki ki karɓe ta ko ɗakin ya cika, kada ki sayar da ita don a ce miki jaruma. Kuma ki yi hattara da yabon nan na "ku akwai juriya". Tun kakanninmu na haƙa tur'o'in Gezira ake yi mana shi. Yabo ne na gaske, amma duk wanda ya faɗa miki shi, ki duba hannunsa, za ki ga wani kayan yake shirin ɗora miki.

Damina ta sauka, sanƙarau ya tafi yadda ya saba. Kowa ya koma hawasharsa, wato gonarsa, aka shiga shuka. Ni kuma na koma gindin dalbejiyar gidanmu na zauna. Wannan kin tuna shi, amma da sunan malariya kika san shi. Innarki ce ta ƙirƙiro sunan, don ta rufa mini asiri, Allah ya saka mata. Wata huɗu ina malariya, ni da ke ba gari duka maganinta. Ba na iya karatu, in na buɗe littafi sai baƙaƙen su yi ta yawo kamar tururuwa. In innarki ta ɗora kasko na ji ƙamshin kisra, sai ihun Goggo ya dawo mini a kunne, in tashi in koma bayan gida.

Ke kuma kin sami majinyaci na kanki. Kina zuwa da cokali ki sa mini a hammata, ki cire ki duba shi da kyau. Wata rana kika ɗora ɗan hannunki a goshina, kika daɗe, sannan kika juya kika ce, "Inna, ba zafi fa. Wace irin malariya ce wannan?"

Innarki ta ce, "Irin ta manya ce."

Kika ce, "To a yi masa allurar manya mana."

Duk hillar nan ke kaɗai kika duba ni kika faɗi abin da kika gani. A ranar na san aikin da za ki yi, kuma a ranar na fara jin tsoronsa.

An kawo mini rubutu na sha, an yi mini addu'a, kuma ina godiya har gobe, don ba na shakkar ta riƙe ni. Amma in wani ya ce miki mai imani ba ya buƙatar zama da likitar Alhamis, ki tuna masa cewa masu sanƙarau mun yi musu addu'a, mun kuma yi musu allura, ba malamin da ya ce allurar ƙarancin imani ce.

Allurar manya kuwa Hajja Batul ce ta kawo ta. Wata safiya da ƙarfe goma ta shigo da kwanon ful, ta ajiye a gabana, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Fatur. A gidan nan ba kai ne shugaba ba, na tambayi matarka."

Na ce ba na jin yunwa.

Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Faɗa mini mutum ɗaya."

"Wane mutum?"

"Cikin waɗanda ka kai labarinsu. Ɗaya kawai. Sauran na gobe ne."

Sannan na ce, mai cirar audugar nan, wanda matarsa ke riƙe da kunu. Ta ce ta tuna shi, yana da tsage uku a kumatu, kuma ita ta shanye kunun daga baya don kada matar ta koma da shi gida. Ban san wannan ba. Muka yi masa Fatiha, ta tura mini albasa. Washegari ta dawo. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kullum mutum guda da kwano guda, har muka zo kan waɗanda suka warke, waɗanda ni na manta da su sarai, ita kuwa tana riƙe da sunayensu.

Ba ta tsaya nan ba. Ta hau lori da kanta zuwa Hajj Abdalla, ta shiga ofishin mufattish da mayafinta mai ƙamshin hayaƙin turare, ta ce masa, "Tamam ɗin da aka ba ka ƙarya ne, zo ka goge." Dattijon ya zo har gida. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ba ni takarda mai hatimi: wata uku a wani ɗakin awon jarirai kusa da Makwar. Ba abin da nake yi sai ɗora 'ya'yan mutane a sikeli da ɗiga musu rigakafi a baki. Ƙattin jarirai, masu kumatu, suna yi mini fitsari a farar riga. Uwayensu in sun gan ni murmushi suke yi. Wata rana ina wucewa ta wani lungu, wata mata ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Hakim, shigo ka sha jabana mana!" Na tsaya a tsakiyar hanya, ƙato da ni, hawaye na zuba. Matar ta ruɗe, ta ɗauka ba na son kofi ne.

Kin ga abin da hukuma ke iya yi in an gaya mata gaskiya. Takarda ɗaya da hatimi. Tana nan a aljihun mutumin tun ranar farko, ni na hana shi ciro ta.

Don haka likitar nan ta Alhamis, wadda kike yi wa dariya, Hajja Batul ce da ta sami takardar shaidar karatu. Ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne a wani wuri ya daure ya rubuta gaskiya a layin nan na ƙasa, wataƙila ma an yi masa dariya, har aka ware mata kujera da rana. Ki je. In ta cika tambayoyi marasa kai, ki je duk da haka, ni ma na sha zama da mutane masu gundura kuma ban mutu ba, innarki ma ta shekara talatin tana yi. In ba ki da abin faɗa, ki faɗi mutum ɗaya. Wataƙila wata a ɗakin jira take wani ya fara. Abin da ya ƙi shiga Larabci kuma ki ajiye mini shi, ina da kunne biyu, kuma yanzu na koyi amfani da su.

In kin kira waya, ba zan tambaye ki lafiya ba. Mu mutane ne da ko ana ɗauke da mu a makara aka ce "ina gajiya" sai mun ce "ba gajiya". Tambayata ɗaya ce: da wa kika ci fatur yau? Suna nake so, ba "da mutane" ba. In na yi kwana uku a jere ban ji suna ba, zan ɗauko innarki da tukunyarta mu hau mota, ta zo ta kira ki da sunan yarinta a gaban likitoci. Kin san za ta aikata.

Saura abu ɗaya. Yanzu da kike karanta wannan, kin riga kin ga na hau mota tare da ke har Sennar, na ce miki irin albasa zan sayo a Dinder. Na san kin yi mini kallon da kika yi wa cokali, amma kika ƙyale ni. To, ba albasa. Mu da ko kadada ɗaya ta albasa ba mu taɓa nomawa ba.

Kafin Hajja Batul ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta, ta ba ni wata 'yar takarda. Ta ce Bashir na nan da rai, yana da rumfar sayar da igiya da buhu a kasuwar Dinder, ga kwatancen. Na sa takardar a cikin wani littafi mai kauri da na tabbata ba zan sake buɗewa ba. Shekaranjiya, da na ji kina cewa "wa ya zauna da babana", sai na ga ba ni da bakin tura ki zaman Alhamis alhali nawa zaman na shekara goma sha takwas ina guje masa. Na sauko da littafin.

Zan ƙetare ta Makwar, in kwana wurin wani abokin karatu, in isa kasuwar da hantsi. Zan sayi ful kwano ɗaya, in sa a zuba man riɗi da yawa yadda yake so. Zan gaya masa abin da na rubuta a kansa da abin da ya kamata in rubuta. In ya kore ni, ya yi daidai, zan ajiye kwanon in tafi. In ya ce "mai kai babba", to kin san ubanki ya warke sarai.

Ranar Alhamis bayan la'asar, in kin fito daga wurin likitar, ki kira ni. Zan yi miki tambayata. Ke ma ki yi mini ita. Ki taya ni addu'a in sami sunan da zan faɗa miki.

Innarki na gaishe ki, ta ce gyaɗar ba taki ce ke kaɗai ba, ki raba. Goggo Hajara ta ce in gaya miki Ladi ta sake haihuwa, kuma ni ta aika in faɗa, ki lura da wannan.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Ya tsare bakinki daga ciwon, ya tsare zuciyarki daga shiru. Ya ba ki abokan aiki masu zama, da shugabanni masu tambaya, ya ba ki ƙarfin amsa musu da gaskiya. Ya jiƙan waɗanda za su tafi a hannunki, ya yawaita waɗanda za su tashi su nemi kunu. Ya dawo mana da ke gida lafiya, da dariyarki yadda kika tafi da ita.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Usman